Kwamfutar Habu Mai Hoto

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kin sauka Rijiyar Zaki a Kano lafiya, kin tarar da Gwaggonki da mutanen gidanta ƙalau. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya kiyaye ki daga sharrin da kike gani da wanda ba kya gani.

Na ba Innarki wannan takarda ta sa miki a ƙasan jaka saboda na san halina. In muka tsaya a tasha, mota tana lodi, ba abin da zai fito daga bakina sai "a sauka lafiya." Sunan mahaifiyata gare ki, kuma akwai maganar da nake jin nauyin faɗa miki ido da ido.

Tun ranar da mai shagon gyaran nan na kusa da jami'a ya aiko cewa ki zo ki fara aiki, hankalina bai kwanta ba. Ba wai ina shakkar iyawarki ba ne. Ke shekara biyu kika yi kina karanta abin a aji, ni kuwa daga gyaran rediyo na taso, na lallaɓa na faɗa kwamfuta da tambaya da kallon hannun wasu. Abin da yake tsorata ni shi ne kina da saurin gane abu, kina kuma da saurin faɗinsa. A wurina kika ɗauko. Ina so ki ji abin da wannan saurin ya jawo, daga bakina, don abin da kika ji a gari guntu-guntu ne, lokacin kina makarantar kwana.

Kin san Habu mai hoto, wanda a da yake da shago a layin teloli a nan Tsanyawa. Shi yake ɗaukar fasfo da hoton biki, matarsa Binta kuma ita take tsara katin gayyata a kwamfutarsa, don ta fi shi ido a kan launi da rubutu. A shekarar nan da kuɗi suka ɓace a hannun mutane, fetur ya tashi, kwanon masara ya gagari talaka, wannan kwamfuta ita take ciyar da su, har da tsohuwarsa.

Wata ranar kasuwa da hantsi ya ɗauko ta a kan babur, an naɗe ta da zane. Shagona cike, masu cajin waya sun jeru a benci. Ya ce, "Malam Sa'idu, ka taimaka mini. Layi take yi, kore da ja, sai wasu ɗigo-ɗigo, yau kuma ta ɗauke gaba ɗaya. Makarantu biyu sun ba ni hoton yaransu na rajistar jarrabawa, saura sati uku a rufe."

Na jona ta. Fitila ta kama, fanka tana juyawa, sikirin baƙi ƙirin. Na kwance murfi, na leƙa, na shinshina, ban ji ƙauri ba. Ban yi minti biyu ba na ɗago na ce, "Katin hoto ne. Ya mutu."

Ke kin fi ni sanin sunayensu na Turanci. Ni katin hoto nake ce wa wancan da ake sokawa a gurbinsa don ya aika hoto zuwa sikirin, madabod kuwa shi ne faffaɗan farantin da komai na cikin kwamfuta yake zaune a kansa. Habu bai san ko ɗaya ba. Ya ce, "Ka tabbata, Malam?" Na dubi mutanen benci, duk sun zuba mini ido. Wani a cikinsu ya ce, "Kai Habu, Malam Sa'idu kake tambaya ko ya tabbata?" Maganar ta yi mini daɗi. Na ce, "Je ka Kano ka sayo, ka kawo in sa maka."

Ummi, a lokacin akwai kwamfuta lafiyayya a kan teburina, tazarar hannu ɗaya. Da na zare katinsa na soka a cikinta, da na ga gaskiya kafin shayin da ke gabana ya huce. Ban yi ba, don ina ganin wanda ya ƙware ba ya gwaji a gaban mutane.

Gaskiya ne, layi da ɗigo-ɗigo sau da yawa kati ne, shi ya sa ma na faɗa da ƙarfin gwiwa. Amma sau da yawa ba kullum ba ne, kuma wanda ya tsaya a gabanki bai damu da sau da yawa ba, tasa ɗaya ce. Don haka ki fara da abin da ba ya cin ko sisi. Ki canza waya, ki canza sikirin. In ba su ba ne, ki zare wuta, ki danne maɓallin kunnawa har sauran wutar ciki ta fita, sannan ki cire katin gaba ɗaya ki jona sikirin a bakin da madabod yake da shi na kansa, in yana da shi. In hoto ya fito, kin san madabod da ransa, saura kati da gurbinsa. Daga nan ki kai katin wata kwamfuta mai lafiya, ki kuma kawo katin da kika yarda da shi ki sa a wannan. In katin mai kayan ya yi aiki a can, naki ya ƙi a nan, to ki bar kati ya huta, laifin yana gurbi. In kuwa duhu ne ko ta ina, ki zare ram, siririn katin ƙwaƙwalwar nan, ki kunna ki saurara. Madabod mai rai yakan yi kuka in ya rasa ram, matuƙar yana da 'yar ƙaramar sifikar nan. In ya yi shiru, ki gwada wani fawa fak, akwatin nan da ke raba wa kayan ciki wuta, kafin ki yanke masa hukunci. Abu ɗaya za ki riƙa canzawa a lokaci ɗaya. In kika canza biyu ta tashi, ba ki san wanne ba ne, kuma za ta dawo miki. In mutane sun zuba miki ido suna jiran amsa, ki ce, "Ban sani ba tukuna, a dawo bayan la'asar." Ni shekara ashirin na yi ban iya faɗin wannan ba.

Habu ba shi da abin sayen kati. Binta tana da rago da take kiwo don layya, a ranar aka ja shi kasuwa, aka sayar da shi a wulaƙance, don kowa sayarwa yake, mai saye ne babu. Washegari ya hau motar Kano. Ya samo kati na hannu, irin wanda ake kwancewa daga tsofaffin kwamfutoci, mai kayan ya ce masa abin da ya fita shago ba ya dawowa.

Da azahar ya iso, ko gida bai biya ba. Na zare tsohon katin na jefa a kwalin tarkace, na soka sabon, na ɗaure, na kunna. Fitila ta kama, fanka ta juya, sikirin yana nan baƙi yadda yake. Na kashe na sake kunnawa. Na zare na sake sokawa. Gumi ya jiƙa mini riga. Habu yana tsaye a kaina, ledar katin tana hannunsa.

A nan ne ya kamata in ce masa na yi kuskure. Maimakon haka sai na ji bakina yana cewa, "Wani ya taɓa buɗe ta?"

Ya yi ɗan tunani ya ce, "Binta ta buɗe ta kwanan baya, ta kaɗe mata datti da gashin kaza."

Wallahi Ummi, da na ji haka sai na ji wani sanyi a ƙirjina, irin na wanda ya samu mafita. Na ce, "To ai ka ji. Ta taɓa inda bai kamata ba. Madabod ɗin ne ya ƙone, shi ya kashe tsohon katin ma. Da ka faɗa mini tun jiya da ban tura ka Kano ba."

Ban gwada komai ba kafin in faɗi haka. Ban ga ƙuna ba, ban ga kumburi ba. Na ɗauke kayan daga kaina na ɗora wa matar da ba ta wurin, wadda ragonta ne ya sayo katin da ke hannuna. Habu ya sunkuyar da kai ya ce, "Innalillahi." Ya tambayi kuɗin madabod, na faɗa, ya yi murmushin da ba na daɗi ba, ya ce in ajiye ta a nan har Allah Ya hore.

Makarantun suka kai aikinsu Bichi. Habu ya sa kwaɗo a shago, ya tafi Watari ƙwadago a gonakin tumatir. Bayan sati biyu Innarki ta dawo daga wani suna ta ce mini mata suna ta zancen Binta, wai ta ƙona wa mijinta sana'a da karambani, surukarta ta daina karɓar gaisuwarta, Habu kuma ya rantse ko Allah Ya ba shi wata ba za ta sake taɓawa ba. Ta ce, "Kai ka faɗa, ko?" Na ce ni abin da na gani na faɗa. Na tashi na bar mata ɗakin.

Ki riƙe wannan da kyau. Ranar da gyara ya ƙi miki, zuciyarki za ta fara neman wanda za ta jingina wa. Mai kayan, ko wanda ya sayar masa, ko wanda ya taɓa gyarawa kafin ke. Kuma kullum akwai wani, don ba na'urar da ba a taɓa taɓawa ba. Tambayar ko an buɗe ta tambaya ce mai kyau, amma tun farko ake yin ta, kafin ki ɗauki sukudireba, tare da 'yan'uwanta: yaushe ta fara, me ake yi da ita a lokacin, wa ya fi zama a kanta. In kika ga sai bayan kin gaza tambayar ta zo miki, ki tuhumi kanki. Maganar mai gyara tana da nauyi a gidan mutane fiye da yadda kike zato. Su ba su ga cikin na'urar ba, abin da kika ce shi za su ɗauka su shiga da shi gida, su yi hukunci da shi.

Kwamfutar ta yi wajen wata biyu a ƙarƙashin teburina, nakan buge ta da ƙafa in na zauna. Wata safiya aka kawo mini kwamfutar wani hedimasta, ina neman katin da zan yi gwaji da shi, na zuba hannu a kwalin tarkace na ɗauko wanda ya zo. Na soka, hoto ya fito tar. Sai da na juya shi na ga ɗan jan fentin da Habu yake ɗiga wa kayansa. Tsohon katinsa ne, wanda na ce ya mutu.

Na tura ƙofar shago. Na jawo kwamfutarsa, na zare sabon katin, na duba bayanta. Akwai wani ɗan baƙin murfin roba da ban taɓa kula da shi ba. Na ɓanɓare shi da farce, sai ga bakin sikirin na madabod a ƙarƙashi. Na jona, na kunna. Ta yi ɗan kukanta guda ɗaya, ta buɗe. Na shiga ma'ajiyar aikinsu, na ƙarshe shi ne katin gayyatar da Binta ta fara ba ta gama ba, an rubuta sunan ango, wurin sunan amarya fili.

Na haska gurbin katin da tocila. Wasu ƙafafun ciki sun yi tsatsa kore, irin wadda danshi yake yi a hankali, wata da watanni. Rufin shagon Habu yana yoyo tun damina, ni kaina na taɓa ganin roba a ƙasa tana tarar ruwa. Gashin kaza ba ya yin wannan. Gurbin ne kawai ya lalace, sauran madabod ɗin lafiya lau. Aikin fasfo ba ya ma bukatar wani kati. Da a ranar farko na cire shi na jona a wancan bakin, da Habu ya koma shagonsa kafin azahar, ragon Binta yana nan a turke.

Za ki ce daga nan na hau babur na tafi gidansu. Ban tafi ba. Kwana goma sha ɗaya na yi da wannan magana a cikina. Har dabara ta zo mini: in ce na zauna na yi ta fama da madabod ɗin da dalma har Allah Ya sa ya tashi. Da an yaba mini, Habu ya yi godiya, Binta ta ci gaba da ɗaukar laifin. Na juya wannan dabara a raina har a cikin sallah. Abinci ya daina shiga. Innarki ta ajiye mini tuwo wata rana ta zauna ta ce ba za ta tashi ba sai na faɗa mata. Da na gama ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ragon dai ya tafi. Amma sunan 'yar mutane yana hannunka, kullum ka kwana da shi ƙara nauyi yake."

Ranar Juma'a Habu yakan dawo daga Watari. Bayan an sauko daga masallaci na ɗaure kwamfutar da sikirin da ƙaramin janareta a babur, na tafi. Na yi sallama, ya fito, ya rame, hannunsa duk ya faffashe. Na ce ina roƙon a kira tsohuwarsa, Binta kuma ta tsaya inda za ta ji. Ya dube ni da mamaki, amma ya shiga ya kira su. Tsohuwar ta zauna a kan tabarma a zaure, Binta tana bayan ƙofar cikin gida, gefen mayafinta kawai nake gani.

Na ta da janareta, na kunna, hoto ya fito. Tsohuwar ta fara sa mini albarka. Na ce, "Inna, dakata, ba gyara na yi ba. Ba abin da ya ƙone. Katin farko lafiyarsa ƙalau, ga shi. Danshi ne ya ci gurbinsa. Ni ne ban gwada ba, na sa aka sayar da rago a banza, da na ga abin ya ƙi kuma na ɗora wa Binta don in kare kaina. Ba ta ɓata komai ba."

Can Binta ta yi magana daga bayan ƙofa, muryarta a kwance. Ta ce, "Malam, kwana huɗu tana wannan layin kafin in buɗe ta. Saboda shi ma na buɗe. Ba wanda ya tambaye ni."

Habu bai waiwaya wajenta ba, ya kasa. Ya ce mini, "Yaushe ka gane?"

Bakina ya ɗauko "jiya", na haɗiye. Na ce, "Yau kwana goma sha ɗaya."

Ya ƙirga da yatsunsa a hankali. Ya ce, "Ran Talatar nan mai ginin shagona ya ba wa wani haya." Sannan ya ce, "Allah Ya yafe mana baki ɗaya." Ya tashi ya shiga gida. Tsohuwar ce ta raka ni bakin ƙofa.

Da yardar Innarki na kai musu ɗan rago daga nata turken. Sun karɓa. Habu bai sake buɗe shago ba, noman rani ya riƙe har yau. Binta tana tsara katin gayyata a cikin gida da 'yar sola, an ce aikinta har daga ƙauyuka ake nema. Muna gaisawa da Habu a masallaci, yakan tambayi lafiyarku. Amma in kwamfutar ta samu matsala, Bichi suke kai ta, su wuce ta ƙofar shagona da ita a kan babur. Ban taɓa ganin laifinsu ba.

Kuskure a wannan sana'a dole ne, za ki yi, ko injiniyan da za ki zauna a ƙarƙashinsa yana yi. Abin da nake roƙonki shi ne kada ya kwana. Ranar da kika gane, ranar za ki faɗa, ga maigidan shago da mai kaya, da bakinki, ba tare da kin yi masa kwalliya ba. Kuskuren farko rago ya ci. Shirun da na yi shi ya ci shago.

Akwai kuma abin da ya fi hana ni sukuni. A can ke ce za ki tsaya inda Binta ta tsaya. Mace ɗaya a cikin maza, baƙuwa, 'yar ƙauye. Ranar da wani abu ya lalace a shagon, wani mai irin halina zai ɗago ya ce, "Wa ya taɓa?" Don haka ki buɗe kayan mutum a gabansa in da hali. Ki ɗauki hoton cikin da wayarki kafin ki sa hannu. Abin da kika gwada da abin da kika gani ki faɗa wa maigidan tun kafin a tambaye ki. In an ɗora miki abin da ba ki yi ba, kada ki yi shiru don kunya, kada kuma ki ɗaga murya. Ki ce a kawo wata kwamfutar a gwada a gaban kowa. In kuma ɗalibi ya kawo miki tasa, aikin shekararsa yana ciki, ki tambaye shi yadda abin ya fara, ki bar shi ya gama magana.

Kada ki buɗe cikin fawa fak ko an zare wuta, yana riƙe abin da zai jefar da ke. Ki ɗaure bakin hijabinki in za ki sunkuya kan fanka. Titin nan na gaban jami'a motoci ba sa tsayawa, ki tsallaka tare da mutane. Ki koma gida kafin magariba ko aiki bai ƙare ba. Ki ci abinci da safe, na san ki. Ki yi wa Gwaggonki biyayya, abin da ta hana ki bar shi ko ba ki ga dalili ba. Sallah kuma kada wani gyara ya sa ki jinkirta ta.

Allah Ya yi miki albarka, Ummi. Allah Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga mutane, Ya tsare harshenki daga abin da idonki bai tabbatar ba. Allah Ya haɗa ki da masu tsoronSa, Ya raba ki da azzalumai, Ya kare ki daga wuta da hatsarin hanya da bakin mutane, Ya dawo mana da ke lafiya. Innarki tana gaishe ki, tana gaida Gwaggo da yara.

In wata rana kin yi naki kuskuren, kika ji ƙafarki ta yi nauyi zuwa wurin mai kayan, ki kira ni. Ba zan yi miki faɗa ba. Zan hau motar farko in zo, mu je tare, ni in tsaya a waje ke ki shiga ki faɗa.

Wassalamu alaikum.

Babanki,
Sa'idu mai gyara, Tsanyawa